Gayyar Da Ta Ƙetare Iyaka

Jama'a, kowa a cikinmu ya san gayya. In damina ta yi tsakiya, ciyawa ta rinjayi gonar wani dattijo, ko ciwo ya kwantar da maigida, sai samari su taru da fartanyunsu su nome gonar nan rana ɗaya. Ba a biyansu ko kwabo. Fura ce kawai da tuwo, sai kuma sa albarka. Haka in ɗakin wata tsohuwa ya zube, maƙwabta su ke haɗuwa su ta da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, akwai wata irin gayya wadda ta wuce ta unguwa. Mutum ya kan bar garinsu, har ya bar ƙasarsu, ya tafi wata ƙasa don ya taimaki mutanen da bai taɓa gani ba. Wannan shi a ke kira aikin sa kai. Ya kamata mu san shi, domin masu yinsa suna nan kusa da mu, mu ma kuma namu suna zuwa wasu ƙasashe.

Mene Ne Aikin Sa Kai?

Mai aikin sa kai shi ne wanda ya ba da ƙarfinsa da iliminsa da lokacinsa, ba don neman dukiya ba. Ba ya tafiya shi kaɗai. Ya kan shiga wata ƙungiyar agaji, ita ce za ta tura shi inda a ke bukatarsa. Ta kan biya masa kuɗin tafiya, ta ba shi masauki da ɗan abin kashewa. Wani ya kan yi wata shida, wani shekara ɗaya, wani biyu, sa'an nan ya koma gida.

Waɗanda a ke taimaka su ne raunana, watau waɗanda ba su iya tsaya wa kansu. A cikinsu akwai marayu, da tsofaffin da ba su da mai kula da su, da makafi, da guragu, da kutare, da mata masu ciki, da yaran da yunwa ta kama, da waɗanda yaƙi ko ambaliya ta raba da gidajensu.

Baƙin Da Suka Zo Mana

A shekarar 1958 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna VSO, don tura mutane aikin sa kai a wasu ƙasashe. A 1961 kuma Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa irinta, mai suna Peace Corps. Samari da 'yan matan waɗannan ƙungiyoyi sun zo Nijeriya bayan samun mulkin kai, yawancinsu kuwa koyarwa suka yi a makarantun sakandare da na horon malamai. A lokacin nan makarantu suna ƙaruwa, malamai sun yi kaɗan.

Akwai kuma ƙungiyar likitoci da a ke kira MSF, wadda gidajen rediyo su ke ce wa Likitoci Na Gari Na Kowa. An kafa ta a Faransa a 1971. Wasu daga cikin waɗanda suka kafa ta sun yi aikin jinya a nan Nijeriya lokacin yaƙin basasa, abin da suka gani shi ya sa suka yi niyyar kafa ta. A 2010, da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ma'aikatanta suna cikin waɗanda suka gano dalili. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, amma an yi wa dubbai magani.

Wannan ƙungiya tana aiki a jiharmu ta Jigawa. Tun 2008 ta ke haɗa hannu da gwamnatin jiha a babban asibitin Jahun, wanda ya ke arewa da mu, bayan Kiyawa. A can a ke karɓar haihuwa mai wuya, a ke kula da jarirai marasa ƙarfi, a ke kuma yi wa masu yoyon fitsari aiki. Ba a karɓar kuɗi.

Yoyon Fitsari

Bari mu tsaya a kan wannan ciwo, don shi zai nuna mana yadda aikin sa kai ya ke tafiya.

In mace ta daɗe a kan gwiwa, kwana ɗaya, kwana biyu, ɗa bai fito ba, kansa ya kan danne mafitsararta a jikin ƙashin ƙugu. Jini ba ya kai wurin da aka danne. Sai naman wurin ya mutu, ya huje. Daga nan fitsari ya riƙa zuba dare da rana, ba ta iya riƙe shi. Sau da yawa kuma ɗan ba ya zuwa da rai. Abin ya fi samun yarinyar da ta yi ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba. Yankan gishiri ma ya kan jawo shi.

Wannan ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma laifin matar ba ne. Amma duba abin da ya ke samunta. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. Kishiya ta guje ta. Wani mijin ma sai ya sake ta. Ta koma gidan iyaye, ta shige ƙuryar ɗaki, shekara da shekaru, don kunya.

Alhali kuwa ciwon yana da magani. Likita ya kan ɗinke hujin, a sa mata robar fitsari kamar mako biyu, ta huta. Yawancin waɗanda aka yi wa aiki su kan warke. Bayan haka sai ta kiyaye abin da likita ya ce, ta dakata da kwanciyar aure har watannin da aka yanka mata su cika, in kuma ta sake samun ciki ta haihu a asibiti.

Wani likita mutumin Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo asibitin Babbar Ruga ta Katsina a 1983 don ya yi wa kutare magani. Da ya ga yawan mata masu yoyon fitsari, sai ya kama yi musu aiki. Ya yi wa mata dubbai. Abin da ya fi wannan, ya koya wa likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Nijeriya masu yawa. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya don wannan ciwo. Akwai irinta a Ningi, maƙwabtanmu na Jihar Bauci.

Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari

Yanzu ga abin lura. Likitan da ya zo daga Faransa ko Holan ya iya ɗinki. Amma bai san Sundimina ba. Bai san hanyar ƙauyukan Gwaram ba. Ba ya jin Hausa ko Fulatanci sosai, ba zai kuma shiga gidan matan aure ba. Yaya zai san akwai wata baiwar Allah a ƙuryar ɗaki, shekara biyar ba ta fita?

Ungozoma ita ta sani. Maƙwabciya ta sani. Mai unguwa da liman, in an gaya musu, su za su lallashi miji ko uba ya bari a kai ta. Mai mota shi zai ɗauke ta. A asibitin ma, mafi yawan masu aikin 'yan ƙasa ne, baƙin kaɗan ne. Kun ga ashe gayyar ba ta cika sai da mu.

Ga wani misali. Dattawa sun san kurkunu, wanda ya kan kwantar da manomi da damina, lokacin da gona ta fi bukatarsa. Da aka yi ƙidaya a 1988, an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta kawo taimako. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka yana jan hankali. Amma aikin yau da gobe, mutanen ƙauye ne suka yi shi. A kowane ƙauye an sami mai sa kai. Shi ya ke raba ƙyallen tace ruwa, ya hana mai kurkunu shiga tafki, ya rubuta sunan duk wanda ya kamu. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da shi.

Baƙo raɓa ne, yau yana nan, gobe ya tafi. Saboda haka baƙon kirki shi ne wanda ya koya wa 'yan gari aikin kafin ya tafi. Garin kirki kuwa shi ne wanda ya karɓi aikin ya riƙe.

Mu Ma Muna Zuwa

Kada wani ya zaci kullum mu ne masu karɓa. A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, Nijeriya ta kafa shirin da a ke kira TAC. A ƙarƙashinsa a ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi su yi shekara biyu a wata ƙasa, gwamnatin Nijeriya ce ke biyansu. Sun je Gambiya da Saliyo da Yuganda, har Jamaika, can ƙetaren teku.

A 2014 annobar Ebola ta faɗa wa Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe mutum fiye da 11,000 kafin ta lafa. A watan Disamba na shekarar nan, ma'aikatan lafiya 'yan Nijeriya fiye da 100 suka sa kai, suka tafi Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Sun san cutar tana kashe mai jinya kamar yadda ta ke kashe majinyaci, duk da haka suka tafi.

Ga Mai Sha'awar Tafiya

In ɗanka ko ƙanenka yana son irin wannan aiki, ga abubuwan da ya kamata ya sani.

Na ɗaya, sai da sana'a ko ilimi. Mai zuwa gayya da fartanya ya ke zuwa. Wanda ya je hannu rabbana, ya ƙara wa masu gida nauyin ciyarwa ne kawai.

Na biyu, sai da haƙuri da ladabi. Zai tarar da abinci dabam, harshe dabam, al'ada dabam. Ya fara gaida manyan gari. Ya saurara kafin ya yi magana. Kada ya raina mutane don suna cikin bukata, kada kuma ya ɗauki hoton majinyaci ba da yardarsa ba.

Na uku, ba kowane taimako ne ke da amfani ba. A wasu ƙasashe baƙi su kan je gidan marayu su yi mako biyu. Yaro ya saba da su, sai su tafi, wasu su zo, su ma su tafi. Wannan yana karya zuciyar yaro. Masana sun ce ya fi kyau a taimaki dangi su riƙe maraya a gida. Mu dama haka muka gada, maraya ya tashi a hannun baffa ko kawu ko inna.

Na huɗu, a yi hattara da mayaudara. Wani zai zo ya ce shi wakilin ƙungiyar agaji ne, a kawo kuɗi ya kai yaro ko yarinya aiki ƙasar waje. Ƙungiyoyin da muka ambata ba su aiko dillali ya karɓi kuɗi a zaure. Duk wanda ya ce ka sayar da gona ko sa don ka yi aikin taimako, ka tsaya ka bincika. Ka nemi takarda, ka karanta da kanka, ka kai wa dagaci ko hakimi. Akwai hukumar gwamnati mai suna NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A Fara Daga Gida

Yawancinmu ba za mu je Saliyo ko Jamaika ba. Amma aikin yana nan a ƙofar gidanmu, mai karatu kuwa ya fi kowa iya shi.

Ka karanta wa maƙwabciyarka katin awon ciki, ka tuna mata ranar komawa. Ku 'yan aji ku rubuta sunayen masu mota da lambobin wayarsu, ku ajiye wurin mai unguwa, don in naƙuda ta zo da dare kada a rasa abin hawa. Ku tara ɗan kuɗin mai a asusu, ku rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In mace ta kama naƙuda da safe, har rana ta faɗi ba ta sauka ba, kada a jira wayewar gari. A kai ta asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Kudu. In jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama ta, a tafi nan take.

In kuwa kun san wadda ta ke fama da yoyon fitsari, ko shekara nawa ta yi da shi, ku tura mace mai hankali ta same ta a asirce. A gaya mata akwai magani a Jahun da Ningi. A yi wa mijinta ko mahaifinta magana da girmamawa, a samo mai rakiya. Wani ya baro ƙasarsu don ya yi mata aiki. Mu abin da ya rage mana, mu kai ta.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin sa kai?
2. Me ke jawo yoyon fitsari, ina kuma a ke maganinsa?
3. Wane aiki mutanen ƙauye suka yi har aka rabu da kurkunu?
4. Yaya za ka gane mayaudari?
5. Rubuta abu ɗaya da ajinku zai iya yi wa raunanan garinku kafin kaka.