BABI NA HUƊU: MUHAWARA A KAN ALHAKIN GURƁATAR MUHALLI A HOTORO DA UNGUWANNIN MASANA'ANTU NA KANO

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda masana'antu suka kafu a birnin Kano da irin kayayyakin da suke sarrafawa. Wannan babi kuwa zai dubi taƙaddamar da ake yi a kan wanda ya kamata a ɗora wa alhakin gurɓatar muhalli, wato ko masu masana'antu ne, ko hukuma, ko kuwa ɗaiɗaikun mutane. An tsaya a Hotoro ne domin duban lamarin, saboda unguwa ce ta zaman jama'a da ke gabashin birni, ba ta da nisa da Bompai, kuma a cikinta ne babbar ma'ajiyar man fetur ta NNPC take a kan hanyar Maiduguri. Mazaunin Hotoro yana iya zama ma'aikacin masana'anta da safe, mai shaƙar hayaƙin tankoki da rana, sannan mai cin ganyen da aka shayar da ruwan masana'anta da daddare. Saboda haka duk ɓangarorin muhawarar suna haɗuwa a kan mutum guda.

4.1 Inda Dagwalon Masana'antu Yake Zuwa

Kafin a shiga muhawarar, ya dace a san hanyar da ruwan yake bi, domin a nan ne ake gane mai ɓarna da wanda ɓarnar take sauka a kansa. Bompai ita ce mafi tsufa daga cikin unguwannin uku, don tun shekarun 1950 aka fara kafa masana'antu a cikinta. Dagwalonta yana gangarawa rafin Getsi, shi kuma Getsi ya haɗe da Jakara wadda ta ɗauko ƙazantar cikin birni, su zarce zuwa madatsar ruwa ta Wasai da ke ƙasar Minjibir. Sharaɗa da Challawa, waɗanda suka bunƙasa daga baya, suna kudu maso yamma da birni. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, ita ma unguwar masana'antu ta Challawa a cikin kogin take zubar da nata. Kogin Challawa yana haɗuwa da kogin Kano a kusa da Tamburawa, daga nan su zama kogin Haɗeja. A bakin waɗannan koguna biyu ne aka kafa matatun da suke bai wa birnin ruwan famfo.

Daga cikin masana'antun nan, na jima su ne aka fi nuna wa yatsa. Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, kuma majeman gargajiya da toka da bagaruwa suke aiki, abubuwan da ƙasa take iya cinyewa. Jimar zamani kuwa da gishirin wani ƙarfe take aiki, wanda ake kira kuromiyam, saboda yana jeme fata cikin ɗan lokaci kaɗan kuma ta yi laushi yadda kasuwannin Turai suke so. Matsalar ita ce fata ba ta shanye sinadarin duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku yakan rage a cikin ruwan, kuma idan ba a tace ba, da shi ake zubarwa. Ban da shi akwai sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da gishiri mai yawa, da guntayen nama da kitse. Warin yana gushewa, naman ma yana ruɓewa ya ƙare, amma shi ƙarfe ba ya ruɓewa. Yana kwantawa ne a cikin laka da ƙasar noma, shekara bayan shekara yana taruwa.

A bakin Getsi da Jakara kuwa akwai manoman rani da suke shuka latas da kabeji da karas da alayyahu, kuma da wannan ruwa suke shayarwa, domin shi kaɗai ne ba ya ƙafewa da rani. Nazarce-nazarcen masana kimiyya na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello sun sha nuna cewa akwai ƙarafa masu illa a cikin ruwan da ƙasar da ma ganyayyakin da ake nomawa. Ganyen yana shiga kasuwa, ya gauraya da wanda aka kawo daga wasu wurare, kuma uwargidan da ta aika a sayo mata kayan miya a Hotoro ba ta da hanyar da za ta bambance su.

4.2 Masu Cewa Laifin Jama'a Ne

Ɓangare na farko na muhawarar yana ganin cewa gyara daga kan mutum yake farawa. Wannan ra'ayi ya samu gindin zama tun zamanin shirin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari wanda aka fara a 1984, inda daga nan aka gaji al'adar tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Malaman addini ma suna ƙarfafa shi da koyarwar Musulunci a kan tsafta, da hanin ɓata ruwan da jama'a suke amfani da shi, da ladan kawar da ƙazanta daga kan hanya.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Duk wanda ya bi lungunan Hotoro a watan Agusta zai ga kwatoci cike da leda da robar ruwa, zai kuma ga gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa. Babu wani mai masana'anta da ya zo ya zuba wannan shara. Wasu magidanta ma jira suke yi hadari ya haɗu, su sa yara su juye shara a kwata don ruwa ya tafi da ita, ita kuwa ba ta zuwa ko'ina sai ƙofar gidan maƙwabcin da ke gangare. A nan mutum yana da zaɓi, kuma ya san abin da yake yi.

Sai dai ana miƙa wannan hujja har ta wuce inda ƙarfinta ya tsaya. Idan aka tara ledar kwata da dagwalon jima a ƙarƙashin suna guda, wato ƙazanta, aka ce kowa yana da laifi, to an raba laifin ke nan daidai wa daida tsakanin wanda ya jefar da leda da wanda ya buɗe bututu. Magidanci yana iya share ƙofar gidansa kullum, amma wannan ba zai rage ko ɗigo ɗaya na kuromiyam daga rafin Getsi ba. Haka shi ma manomin bakin rafi da ake yawan zargi. An ce ya daina amfani da ruwan, amma ba a nuna masa wani ba, kuma shi ba shi ne ya ɓata shi ba.

4.3 Masu Cewa Laifin Masana'antu Da Hukuma Ne

Ɓangare na biyu, wanda ya ƙunshi malaman jami'a da 'yan jarida da ƙungiyoyi masu zaman kansu, yana kafa hujja da doka. Nijeriya ba ta mai da hankali sosai ga dokar muhalli ba sai a 1988, lokacin da aka gano gubar masana'antu da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na Jihar Bendel ta wancan lokaci. A shekarar ne aka kafa hukumar FEPA da dokar soja mai lamba 58. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta ta tace dagwalonta kafin ta zubar, a 1992 kuma dokar soja mai lamba 86 ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. An kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, sannan hukumar NESREA a 2007 domin tabbatar da bin ƙa'idojin. Ashe ke nan ba doka aka rasa ba.

Su masu masana'antu suna da nasu uzurin. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 al'amura suka fara taɓarɓare musu, ga rashin wutar lantarki, ga kayan waje masu araha, har masaƙu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe. Injin tace dagwalo yana buƙatar wuta da sinadarai da ƙwararru, kuma ba ya kawo ko sisi. Kamfanin da yake ƙona man dizal don ya samu wuta, idan ya tashi rage kashe kuɗi, a bayyane yake wane inji zai fara kashewa. Wannan uzuri gaskiya ne, amma bai kawar da kuɗin tacewar ba. Ya dai sauya wanda zai biya ne, daga littafin lissafin kamfani zuwa jikin masunci a Wasai da mai cin ganye a cikin gari, waɗanda ba a yi shawara da su ba.

4.4 Shigowar Batun Sauyin Yanayi

A 'yan shekarun nan muhawarar ta ƙara rikicewa saboda shigowar batun sauyin yanayi, wanda sau da yawa ake cakuɗa shi da gurɓatar ruwa, alhali abubuwa biyu ne daban. Sauyin yanayi yana faruwa ne saboda iskar kabon da ake fitarwa wajen ƙona kwal da fetur da gas, wadda take taruwa a sararin sama ta riƙe zafin rana. Ba ta tsayawa a inda aka fitar da ita. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na wannan iska, amma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mutanen ƙasar Kano ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, ga kuma ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024. Ba a iya cewa sauyin yanayi kaɗai ne ya kawo kowanne daga cikin waɗannan, amma masana sun nuna cewa yana ƙara tsananta zafi da kuma saukar ruwa mai yawa cikin ƙanƙanin lokaci.

A Turai da Amurka ma ana wannan jayayya ta alhakin mutum ɗaya. Abin lura shi ne, dabarar nan ta kowa ya lissafa yawan kabon da rayuwarsa take fitarwa, kamfanin mai na BP ne ya yayata ta a tallace-tallacensa a wajajen 2005, abin da ya sa masu fafutuka da dama suke kallonta a matsayin hanyar kawar da ido daga kan manyan kamfanoni. Idan aka kawo wannan ma'auni Hotoro sai ya zama abin dariya. Mutumin da ake ce wa ya rage shiga jirgin sama da cin nama, shi a adaidaita-sahu yake zuwa aiki. Abin da ya fi kusa da shi shi ne itace da gawayi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 rayuwa ta yi tsada, gas ɗin girki ma ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma ga gawayi. Matar da ta koma ga gawayi ta san daga bishiya yake fitowa, amma wa'azin dashen itace ba zai dafa mata tuwon dare ba.

A matakin hukuma an yi alkawura. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Faris ta 2015, a 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron Gilasgo cewa ƙasar za ta daidaita kabon da take fitarwa da wanda take shanyewa kafin 2060, kuma a shekarar ya sa hannu a kan dokar sauyin yanayi. Kano tana cikin jihohi 11 na shirin shingen bishiyoyi na yaƙi da hamada. Duk waɗannan suna da amfani. Illarsu ɗaya ita ce sun bai wa mai laifi na kusa wurin ɓuya, domin da zarar kwata ta toshe ko rafi ya yi baƙi sai a ce sauyin yanayi ne. Ƙasashe masu arziki suna da alhakin ɗumamar duniya, amma ba su ne suke zuba kuromiyam a Salanta ba.

4.5 Dalilin Raunin Fafutuka A Kano

Tambayar da ta rage ita ce, me ya sa ba a samu wata babbar gwagwarmaya a Kano ba irin ta Ogoni, wadda Ken Saro-Wiwa ya jagoranta har aka rataye shi a ranar 10 ga Nuwamba 1995? A ƙasar Ogoni mutane suna ganin an kwashe arzikinsu an bar musu ɓarna, kuma waɗanda suke aiki a kamfanin mai kaɗan ne daga cikinsu. A Kano kuwa masana'anta ta gida ce. Mai sayar da fata, da ɗan dako, da direban mota, da mai sayar da abinci a ƙofar kamfani, duk da ita suke ci. Jama'ar da ta ga yadda rufe masaƙu ya jefa dubban magidanta cikin zaman banza ba za ta yi saurin neman a rufe majema ba, kuma duk wanda ya ɗaga murya sai a yi masa kallon mai son toshe wa mutane hanyar abinci.

Bugu da ƙari, illar ƙarfe a jiki ba ta bayyana nan take. Malalar ɗanyen mai ana ganinta da ido, amma ciwon ƙoda ko na fata da ya taso bayan shekara goma, da wuya mai shi ya danganta shi da ganyen da ya ci. Shi ya sa koke-koken da ake ji daga ƙauyukan bakin kogin Challawa suka fi karkata ga abin da ake gani ko ake shaƙa, kamar wari da mutuwar kifi da ƙonewar shuka, kuma ga dagaci ko hakimi aka fi kai su maimakon kotu. Irin wannan koke yakan ƙare ne da sulhu, a haƙa wa ƙauye rijiyar burtsatse ko a ɗauki 'ya'yansu aiki, bututun kuma ya ci gaba da zuba.