Idan Ciyawa ta Gagara, Me Ya Dace a Shimfiɗa wa Yara?

A makarantu da gidajen ma'aikata da dama akan ga ɗan fili da aka dasa wa ciyawa domin wasan yara. Da damina sai ya yi kore shar, amma da zarar hunturu ya shigo sai ya bushe ya koma ƙura. Dalili kuwa shi ne ƙishirwa. Ko a ƙasashe masu sanyi, ciyawa takan buƙaci ruwa kimanin milimita 25 a mako. Wato fili mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5 zai sha lita 750, jarka 30 ke nan ta 'yan garuwa. Balle a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu. To, me ya kamata ya maye gurbinta? Abubuwa uku ake dubawa: faɗuwa, zafi da tsabta.

Idan yaro ya faɗo, abin da ke ji masa rauni shi ne tsayawar jiki farat ɗaya. Daɓen siminti ba ya lotsawa, saboda haka ƙashi ko kai ne ke ɗaukar dukan bugun. Yashi kuwa yakan nutse, ya tsawaita lokacin tsayawar, ƙarfin bugun ya ragu. Hukumar da ke kula da amincin kayan masarufi a Amurka ta nuna cewa yashi mai zurfin santimita 23 yana ba da kariya ga faɗuwa daga tsayin da bai wuce mita 1.2 ba. Ɓarzajjen itace ya fi shi kariya, sai dai a ƙasashe masu zafi yana jawo gara.

Ciyawar roba, wadda ta yi suna tun 1966 da aka shimfiɗa ta a filin wasa na Astrodome a birnin Houston, tana da kyan gani, kuma ba ta neman ban-ruwa. Amma tana da aibi babba. Ciyawa mai rai tana fitar da tururin ruwa ta ƙananan ƙofofin ganyenta, wannan ne ke sanyaya ta, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Roba ba ta da wannan baiwa. A tsakar rana zafinta yakan haura digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, abin da ya isa ya ƙona tafin ƙafar yaro. Haka kuma, a 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana sayar da ɓarɓashin robar da ake zubawa cikin irin wannan shimfiɗa daga 2031, domin yana gurɓata ƙasa da ruwa.

Shi ma yashi yana da nasa cikas. Kyanwa da kare suna son yin kashi a cikinsa, kashin kuma yakan ɗauki ƙwan tsutsar ciki. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin yashi mai laima, 'ya'yan tsutsar sukan huda fatar yaro, su bar jan layi mai ƙaiƙayi. Maganin wannan shi ne a killace filin, a rufe shi da buhu ko tamfol da dare, a kuma riƙa tona shi da manjagara kafin a fara wasa, wanda hakan kan tona asirin kunama da fasasshiyar kwalba.

Idan aka auna duka ukun, wankakken yashin rafi a ƙarƙashin inuwar darbejiya ya fi dacewa da ƙaramin fili a ƙasa mai zafi. A haƙe ƙasa, a zuba tsakuwa a ƙarƙashi don ruwa ya tsiyaye, sannan a zuba yashi santimita 30, domin zai danne da tattaki. Malamin kimiyya na iya sa ɗalibai su aza ma'aunin zafi a kan siminti da yashi da ciyawa da azahar, su rubuta bambancin da kansu. Gani ya kori ji.