Yadda A Ke Sa Wa Tsohon Babur Mazugi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san wuta ba ta yin ƙarfi don yawan gawayi kaɗai, sai an zuga ta. To, haka injin babur ya ke. Fetur ba ya ƙonewa sai da iska, kuma a kan nauyi, kowane kashi 1 na mai yana bukatar iska kashi 14.7. Ƙara mai abu ne mai sauƙi. Iska ita ce wuya, domin inji ba ya iya zuƙar abin da ya fi cikinsa. Saboda haka masu hikima suka ƙago wani ƙarfe da ke tura masa iska da ƙarfin tsiya. Makanikai suna ce masa sufacaja, ni kuwa a nan zan kira shi mazugi. A hutun ƙarshen shekara na taya yayana sa wa tsohuwar Honda Roadmaster ta gidanmu irin wannan ƙarfe, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda abin ya ke.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1860 waɗansu 'yan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar wani famfon iska don hura wutar narkar da ƙarfe, watau dai zugazugi ne tun asali. Daga baya aka kai shi ga injuna. A 1937 wani Bajamushe, Ernst Henne, ya yi gudun kilomita 279.5 a awa a kan BMW mai mazugi, har a 1946 hukumar tseren babura ta duniya ta hana amfani da shi a tserenta. Kada a haɗa shi da tobo: tobo hayaƙin salansa ke juya shi, mazugi kuwa injin ne da kansa ke jansa da bel.

Wanda muka samu shi ne Aisin AMR300, kwancen ƙananan motocin Subaru masu inji cc 660. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu juyawa kusa da juna ba tare da sun taɓa ba, suna kwasar iska daga wannan gefe su zuba a wancan. Lambar 300 ɗin nan ma'anarta a kowane juyi yana kwasar cc 300.

A nan ne lissafin da mu ke raina wa a aji ya yi rana. Injin Roadmaster cc 194 ne, silinda biyu, kafireta ɗaya. Da ya ke kowane fistan sai kiranshaf ya juya sau biyu sa'an nan ya zuƙi iska sau ɗaya, abin da injin ke sha a juyi guda bai fi cc 97 ba. To, in ka bar mazugin ya juya daidai da injin, ka ga za ka ɗura masa ninki uku na cikinsa ke nan, ba kuwa zai kai ƙofar gari ba. Mu ƙarin kashi 40 cikin 100 mu ke nema, watau matsin iska bar 0.4 a kan na sarari. In ka ninka 97 da 1.4 za ka sami wajen 136. Raba 136 da 300, ya ba ka 0.45. Da ya ke iska ta kan ɗan zurare ta gefen ƙarafan, musamman in suna juyawa a hankali, sai muka cika shi rabi. Ashe ke nan faifan da bel ke zagayawa a jikin mazugin, wanda a ke kira fuli, sai ya ninka na jikin injin faɗi. Mutane da yawa sun zaci ƙaramin fuli za mu sa don abin ya yi ta gudu. Alhali a ƙaramin babur, aikin shi ne a rage wa mazugi hanzari.

Ɗaura shi aikin mai walda ne da mai injin gyaran ƙarfe. Aka huda murfin gefen hagu, aka ɗaura ƙaramin fulin a ƙarshen kiranshaf, aka yanka farantin ƙarfe mai kauri ya riƙe mazugin. Dole fulin biyu su daidaita sak, in ba haka ba bel ya dinga sauka. Ba a kuma ɗaure shi tamau, don kada ya ci boris ɗin kiranshaf. Muka yi masa murfi na kwano, gama bel a buɗe kusa da ƙafar mai babbar riga ba abin wasa ba ne.

Kafiretar kuwa muka mai da ita bakin mazugin, yadda zai zuƙi iska da mai a gauraye ya tura wa injin. Wannan hanya ta fi sauƙi, amma tana da haɗari guda. Bututun da ke tsakanin mazugi da inji kullum cike ya ke da abin da ke jiran wuta. In injin ya yi tari ta baya, sai abin ya tashi a cikin bututun. Don haka a kan sa wani ɗan marfi mai sifirin, wanda zai buɗe da kansa ya fitar da matsin kafin wani abu ya fashe.

Yanzu ga inda maganar ta ke, watau zafi. Duk wanda ya taɓa ba keke iska ya ji yadda gindin famfo ke ɗumi. Iska in an matse ta sai ta yi zafi, mazugi irin na Roots kuwa ya fi sauran dumama ta. Wadda ta shiga da zafin digiri 35, irin na bazararmu, tana iya fitowa ta haura 80. Ga shi Roadmaster ba ta da lagireto, iskar hanya kaɗai ke sanyaya ta. In zafi da matsi suka haɗu suka yi yawa, man ba ya jiran wutar filogi ta bi shi a hankali, sai ragowarsa ya fashe gaba ɗaya. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Mai babur da ya ji wannan ƙara ya ci gaba da murɗa totur, fistan zai huje, ko ringi ya karye, cikin 'yan mintoci.

Maganin nan ne ya ci mana yawancin hutun. Da fari muka sa gasket mai kauri don a rage matsin da fistan ke yi. Sa'an nan muka jinkirta lokacin da filogi ke ba da wuta kaɗan, muka sauya filogin da irin wanda ke saurin zubar da zafi. Muka kuma ƙara girman jet, ɗan ramin da mai ke bi a kafireta, don man ya ɗan yi yawa, kamar kashi 1 ga iska 12, saboda rarar man tana sanyaya cikin silinda. Bayan kowane gwaji sai yaya ya kwance filogi ya miƙo mini, ya ce, "Ƙane, me ka gani?" In bakinsa ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, haɗari na kusa. In ya yi baƙi da kunkunniya, ya yi yawa. Launin ƙasa-ƙasa a ke nema. Da fari mai yawa a ke farawa, a dinga ragewa, ba a farawa daga kaɗan.

To, me aka samu? Babur ɗin yanzu yana hawa tudu da goyo ba tare da an sauko giya ba, yana kuma wani kuka siriri da ke tara yaran unguwa. Amma ƙarin bai kai kashi 40 ɗin takarda ba, domin mazugin da kansa yana cin wani abu daga ƙarfin injin kafin ya juya. Shan mai ya ƙaru, baƙin mai yana saurin lalacewa, kuloci kuwa sai da aka sa masa sifirin masu ƙarfi ya daina zamewa. A ganina, babur ɗin da maigida ke zuwa aiki ko gona da shi, ko wanda a ke neman abinci a kansa, bai kamata a taɓa shi ba. Tamu ta daɗe jingine a zaure, shi ya sa Baba ya yarda.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mana, shi ne birki. Na Roadmaster gaba da baya duk irin na ganga ne, an yi su daidai ƙarfin da kamfani ya ba injin, mazugi kuwa bai ƙara musu kome ba. Sai da muka sauya takalman birkin da wayoyinsa da tayoyi biyu, aka sayo hular kwano, sa'an nan ya ba da makulli. Har yanzu kuwa yaya ne kaɗai ke hawa, don ni ba ni da lasin tukuna.