Ƙuri'ar Da Ba Ta Faɗuwa Banza

Yawancinmu mun saba da zaɓen da ake dangwala wa mutum ɗaya. Wanda ya fi yawan ƙuri'u ya ci, sauran ƙuri'u kuwa sun bi ruwa. A ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, ba haka ake yi ba. Tun 1921 suna bin wata hanya dabam wajen zaɓen 'yan majalisa. Bari mu duba ta.

Yadda Ake Yi

Kowace mazaɓa tana da kujeru uku, ko huɗu, ko biyar. Mai zaɓe yakan rubuta 1 a gaban sunan wanda ya fi so, 2 ga mai bi masa, har iyakar son ransa. A ce kujeru 3 ne, ƙuri'u 40,000. Sai a raba ƙuri'un gida huɗu, wato yawan kujeru da ƙarin ɗaya, a sami 10,000, a ɗora 1. Duk wanda ya kai 10,001 ya ci. In ya zarce, rararsa ta koma ga waɗanda masu zaɓensa suka sa wa 2. In ba wanda ya kai, sai a fitar da na ƙarshe, a rarraba ƙuri'unsa haka nan, har kujeru su cika.

Amfaninta

Mutum yana iya zaɓen wanda zuciyarsa ta kwanta da shi ba tare da tsoron hasara ba, gama in gwaninsa ya faɗi, ƙuri'arsa za ta taimaki na biyu. Ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu sukan sami kujera. A 1959 da 1968 jam'iyyar Fianna Fáil mai mulki ta nemi a soke hanyar, jama'a suka ƙi.

Wahalarta

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Ƙidaya takan ci kwanaki. 'Yan jam'iyya ɗaya sukan yi takara da juna a mazaɓa guda, sai ɗan majalisa ya ɓata lokaci wajen biyan bukatun mutanen gida, aikin doka yana jira. Tun bayan zaɓen 1977 ba jam'iyyar da ta sami rinjaye ita kaɗai, tilas a nemi abokan tafiya. A tsibirin Malta kuma, inda ake bin wannan hanya, a 1981 jam'iyyar da ta sami fiye da rabin ƙuri'u ta tashi da kujeru 31, abokiyar hamayyarta 34. Sai a 1987 aka gyara dokar.

Ashe hanyar tana kare ƙuri'ar kowa, amma tana neman jama'a masu haƙuri da shugabanni masu iya zama tare.