Wane Dillali Za Ka Bi Zuwa Kasuwar Intanet?

Daga wani malamin makarantar allo, Aboabo, Kumasi

Ran Lahadin nan da ta wuce, bayan na tashi yara da la'asar, na biya rumfar wani Alhaji mai goro don mu gaisa, sai na tarar gardama ta kaure tsakaninsa da wani amininsa mai sayar da atamfa a Kejetia. Da na jiyo hayaniyar daga nesa na zaci maganar siyasa ce ko ta bashi. Ashe wai a kan burauza a ke yi. Alhaji ya ce duk duniya babu kamar Opera Mini. Mai atamfa ya ce faufau, Chrome ne sarki. Wani saurayi mai gyaran waya yana gefe yana ta dariya, ya ce su duka biyu an bar su a tasha, shi Brave ya ke bi. Da su ka gan ni sai su ka ce, "Yauwa, ga Malam nan, shi zai raba mu." Na ce musu ni ba alƙali ba ne, kuma ni ma ina da nawa gwanin, amma su ba ni mako guda in bincika. To, abin da na samo ke nan na kawo wa takardarmu, domin na lura dattawanmu da yawa suna riƙe da waya, har suna aika kuɗi da ita, amma ba su san hannun wa su ke bi ba.

Duk wanda ya taɓa fatauci ya san baƙo ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye. Kakanninmu da su ka zo Salaga neman goro, daga baya su ka gangaro Kumasi, kowannensu yana da maigidan da ya ke sauka wurinsa. Shi zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta da mutanen gari. To, burauza haka ya ke. Intanet ita ce kasuwar, shafuffuka su ne rumfuna, burauza kuwa shi ne ɗan abin nan da ka ke taɓawa a fuskar waya, ya tafi ya ɗauko maka shafin da ka nema ya shimfiɗa maka shi. Shi ke riƙe maka kalmomin sirri in ka yarda ya riƙe, kuma babu rumfar da za ka leƙa bai sani ba. Mutanenmu su kan rikita shi da Google. Google ɗin da ka ke rubuta wa tambaya injin bincike ne, watau mai nuna hanya, kana iya samunsa ta kowane burauza. Chrome shi ne burauzan da kamfanin Google ya ƙera.

Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya fara yin burauza a 1990, sa'ad da ya ke aiki a wani babban gidan bincike kusa da Janiba. Netscape ya fito a 1994, Internet Explorer na kamfanin Microsoft ya biyo shi a 1995 ya danne shi, ya yi zamaninsa, har masu shi su ka yi masa ritaya a watan Yuni na 2022. Safari na Apple ya fito a 2003, Firefox a 2004, Chrome a 2008. Ga shi Chrome shi ne ƙaraminsu, amma yau wajen kashi biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya shi su ke bi.

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin binciken nan shi ne, sunayen suna da yawa amma injin da ke cikinsu uku ne tak. Kamar motocin trotro ne, kowa ya yi wa tasa fenti ya rubuta mata kirari a goshi, in ka buɗe bonet sai ka ga inji iri ɗaya. Chrome da Brave da Samsung Internet duk a kan gindi ɗaya a ka gina su, a na ce masa Chromium. Opera ya koma kan wannan gindi a 2013, Edge na Microsoft ya bi sahu a 2020. Safari yana da nasa injin, WebKit, Firefox kuma yana da nasa, Gecko. Mai iPhone a ƙasar nan kuwa, kowane burauza ya sauke, injin Safari ne ke ja a ciki, don haka Apple ya shar'anta. Da na gaya wa saurayin nan cewa Brave ɗinsa da Chrome na mai atamfa uwa ɗaya ta haife su, sai dariyar ta ragu.

WA KE BIYAN LA'ADA?

Babu wanda ya taɓa karɓar ko pesewa ɗaya a hannunka kuɗin burauza. To, ku 'yan kasuwa ne, kun fi ni sani, in dillali ya yini yana yawo da kai cikin kasuwa bai nemi la'ada wurinka ba, lalle akwai wanda ke ba shi. Kamfanin Google da talla ya ke cin abinci, tallar kuwa ta fi tsada in an san abin da mutum ke so da inda ya ke zuwa. A wata shari'a da gwamnatin Amurka ta yi da shi, an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala miliyan dubu 26 don a sa injin bincikensa ya zama shi ne na farko a wayoyi da burauzoji, kuma Apple ya karɓi dala miliyan dubu 20 a 2022. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ta hanyar da doka ta hana. Gwamnati ta nemi a tilasta masa ya sayar da Chrome, amma a Satumba na 2025 alƙalin bai yarda da haka ba.

Firefox kuwa na Mozilla ne, wata ƙungiya ce a Amurka da ba don riba a ka kafa ta ba. Amma kada in ɓoye muku, ko da ya ke shi ne gwanina, mafi yawan kuɗin da ke shigar wa Mozilla daga hannun Google ɗin nan ya ke fitowa, ladan sa injin bincikensa a gaba. Opera asalinsa na mutanen Norway ne, a 2016 wasu attajiran Sin su ka saye shi. Brave ya kan toshe tallace-tallace tun daga ranar da ka sauke shi, abin da ya sa samari ke sonsa ke nan, sai dai yana da nasa tallar da ya ke nuna wa wanda ya yarda, ya biya shi da kuɗin kirifto. Hukuncin irin wannan kuɗi na bar wa malaman da su ka fi ni.

HUJJAR ALHAJI

Alhaji yana da gaskiyarsa. Data kuɗi ce, kuma shi mutum ne mai shiga ƙauyuka sayen goro, inda sabis ya ke kamar ruwan rijiya da rani. Opera Mini, wanda ya bazu a duniya tun 2006, yana da wata dabara. In ka nemi shafi, ba ya kawo maka shi kai tsaye. Sai ya aika da buƙatar zuwa manyan injunan kamfanin, su ɗauko shafin, su matse shi, su rage nauyin hotuna, sa'an nan su turo maka ɗan abin da ya rage. Masu shi sun ce a kan rage har kashi 90 cikin 100. Chrome ma ya taɓa yin irin wannan tanadi a wayoyin Android, amma ya cire shi a 2022.

Amma fa akwai abin lura. In ka sa shi a matakin matsewa mafi tsanani, kamar ka ba yaron mota wasiƙa ce ya buɗe ta a hanya, ya taƙaita ta, ya sake liƙewa. Ban ce zai ci amana ba, na dai ce wasiƙar ta bi ta hannu na uku a buɗe. Don karanta labarai da duba farashi babu laifi. Maganar banki kuwa, ko duk inda za ka rubuta kalmar sirri, ni dai ba zan bi ta nan ba.

Mai atamfa shi ma ba a banza ya ke yabon Chrome ba. Da shi wayarsa ta zo, bai sha wahalar sauke kome ba. Ya ce bara wayarsa ta faɗa ruwa, da ya sayi sabuwa ya shiga da sunansa na Google, sai ga duk shafuffukansa da kalmomin sirrinsa sun dawo. Kuma Chrome ya kan juya shafin Ingilishi ko na Faransanci zuwa Hausa, gama Google ya sa Hausa cikin harsunan da ya ke fassarawa tun 2013, Twi kuwa sai a 2022. Fassarar ta kan yi tuntuɓe, wani lokaci har ta ba ka dariya, amma ga mai sayo kaya daga Lome ko Abijan ta fi babu.

MAGANAR AJAMI

Nan ne ni abin ya taɓa ni. Mu da mu ka tashi da allo, rubutunmu na Warshu ne. Fa'unmu ɗigonsa a ƙasa ya ke, ƙafunmu ɗigo ɗaya ne a sama, nunun ƙarshen kalma sau da yawa ba ma sa masa ɗigo, ga kuma imala da mu ke rubuta wasalin e da ita. Injunan Turawa da su ka fara koyon Larabci, na Misra da Sham su ka koya. Akwai wata ƙungiya mai suna Unicode, ita ke ba kowane harafi na duniya lamba don injuna su gane shi. Sai a 2016 ta ba fa'u da ƙafu da nunu irin namu lambobinsu, a 2020 kuma ta ƙara wasu haruffan da Hausawa ke buƙata, irin su ƙafu mai ɗigo uku a sama.

To, samun lamba daban, samun hannun da zai zana harafin daban. Dole sai waya tana da zanen harafin a cikinta, in ba ta da shi sai ka ga ɗan akwati fanko a wurinsa. Sau nawa wani almajirina ya kawo mini waya yana cewa, "Malam, rubutun nan ya lalace," alhali rubutun lafiyarsa ƙalau, wayar ce ba ta iya hannun ba. Wata ƙungiya mai suna SIL ta yi zanen haruffa iri biyu saboda mu, kyauta: Alkalami, wanda ya bi hannun mutanen Kano, da Harmattan. Mai shafin da ya san aikinsa ya kan haɗa zanen da shafin, burauza ya sauko da su tare, rubutu ya fito kamar an wanke allo an rubuta. Chrome da Firefox da Safari duk suna yin haka. Amma matsewar nan mai tsanani da Alhaji ke so ba ta ɗauko zanen haruffa, don nauyi ne, saboda haka a can ne a ka fi gamuwa da akwatuna. Wanda zai karanta ajami sai ya sassauta matsewar, ko ya buɗe shafin a wani burauzan.

Akwai kuma wani kuskure da na ji har daga bakin masu ilmi. Wai in ka buɗe tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, babu mai ganinka. Abin da ta ke yi kawai shi ne ba ta barin sawu a cikin wayar, watau wanda ya ari wayarka ba zai ga inda ka je ba. Kamfanin layinka da mai shafin da ka shiga duk suna gani. An ma kai Google ƙara a Amurka kan wannan a 2020, a 2024 ya yarda zai goge ɗimbin bayanan da ya tara. Iyayen yara kuma su sani, tarihin waya da ya ke fes ba shaida ba ce cewa yaro bai je ko'ina ba.

Cikin azumin da ya wuce wani dattijo a unguwarmu, ba zan faɗi sunansa ba, saƙo ya shigo masa wai a na rabon tallafi. Ya taɓa, shafi ya buɗe da tambari da kome, a ka nemi lambar wayarsa da lambar sirrin asusunsa, ya rubuta. Kafin magariba an kwashe abin da ya tara na ɗinkin Sallar jikokinsa. Da a ka duba wayar, sai a ka tarar burauzan da ke ciki ya shekara uku ba a sabunta shi ba, wai don kada data ta ƙare. Ban ce da an sabunta lalle da ya tsira ba, gama ɓarayin nan kullum sabon shafi su ke buɗewa. Amma manyan burauzoji su kan tare mutum da jan gargaɗi in ya nufi shafin da a ka riga a ka kama da zamba, masu su kuma suna toshe ɓarakar da ɓarayi ke bi a kai a kai, wanda bai sabunta ba toshiyar ba ta iso shi ba. Ɗan kwadon nan kuwa da wasu burauzoji ke nunawa kusa da adireshi, ma'anarsa hanya a rufe ta ke tsakaninka da mai shafin, bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Chrome ma ya cire nasa a 2023 saboda mutane suna yi masa wannan fahimta.

Ni Firefox na ke bi, dalilaina biyu ne. Na farko, a wayar Android ya kan yarda ka ƙara masa abin toshe talla, irin su uBlock Origin, abin da Chrome na waya ba ya yarda da shi. Ni kuwa almajirai su kan karɓi wayata su duba wani abu, ba na so hoton banza ya faɗo musu a tsakiyar karatu. Na biyu, in kowa ya koma inji ɗaya, kasuwa ta zama ta dillali ɗaya ke nan, kun kuwa san yadda farashi ke zama a irin wannan kasuwa. Aibinsa, akwai shafuffukan da masu su ba su gwada su da kome ba sai Chrome, in sun ƙi buɗewa tilas in koma can. Don haka biyu na ke ajiyewa.

Jiya na koma rumfar Alhaji na karanta musu wannan. Mai atamfa ya ce shi dai yana nan kan Chrome ɗinsa. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "To, Malam, farashin goro da labarai zan ci gaba da dubawa inda na saba, maganar kuɗi kuwa na ji." Saurayin nan mai gyaran waya ya yi alkawari zai zauna a ofishin ƙungiya ran Asabar mai zuwa, daga bayan azahar har la'asar, duk dattijon da ke so a sabunta masa burauza ya kawo wayarsa da caji a cikinta, ba a biyan kome. Lambar sirri kuwa kowa ya riƙe tasa, ko shi saurayin kada a gaya masa.