Koyon Nutso da Tulun Iska: Abin da Falanko Za Ta Amfana da Shi

A Falanko da sauran garuruwan Damargu, ruwa ba ya zuwa da sauƙi. Mafi yawan shekara yana can gindin rijiya, gaba ashirin, gaba talatin, wani wurin ma fiye, sai an ɗaura igiya a jikin sa ko raƙumi ko jaki kafin wasaki ya fito da shi. Idan damina ta kankama kuma sai kwari da kududdufai su cika cikin 'yan kwanaki, yara su yi ta faɗawa ciki har zuwa kaka. Teku kuwa tana nesa. Kafin mutumin Tanut ko Belbeji ya ga bakinta a Legas ko Kwatano sai ya ci hanya fiye da kilomita 1,000. Duk da haka ina ganin akwai dalilin da zai sa mu san yadda ake koya wa sabon shiga nutso da tulun iska a baya. Masu yawon shaƙatawa ne suka fi yin sa, gaskiya ne, amma darussansa na farko duk a kan numfashi suke, kuma rashin sanin numfashi yana kashe mana mutane a rijiya da tafki.

Na'urar da ake amfani da ita yau ta samo asali ne a Faransa a 1943, lokacin da wani hafsan sojan ruwa, Jacques Cousteau, da injiniya Émile Gagnan suka ƙera wani bakin famfo mai sakar wa mutum iska daga tulu daidai lokacin da ya ja numfashi, kuma daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Kafin wannan, yawancin masu aiki a ƙarƙashin ruwa kwalkwalin ƙarfe suke sawa, ana tura musu iska ta tiyo daga jirgi. Daga baya aka kafa ƙungiyoyin koyarwa: CMAS a Monako a 1959, wadda ƙasashe masu amfani da Faransanci suka fi sani, da PADI a Amurka a 1966.

A tsarin PADI, kafin a ba mutum takardar matakin farko sai ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10 bai riƙe komai ba. Sai karatu, sai atisaye sau biyar a ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa tare da malami. Wanda ya ci, iyakarsa mita 18. Ko gwani a masu nutson nishaɗi ba ya wuce mita 40. Akwai kuma tambayoyin lafiya tun a ranar farko: mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai asma mai tsanani, mace mai ciki, duk ana dakatar da su. Haka ma mai amosanin jini, wato sikila, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai domin cutar tana da yawa a Nijar da arewacin Najeriya.

Darasin da komai ya rataya a kansa shi ne nauyin ruwa. Iskar da ke kanmu a doron ƙasa tana danna kowane santimita murabba'i na jikinmu da nauyin da ya kai kusan kilo ɗaya. Ma'aunin nan ake kira bar 1. Ba ma jin sa domin a cikinsa aka haife mu. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa kowace mita 10 da mutum ya nutsa take ƙara masa bar ɗaya cur. A mita 10 yana ƙarƙashin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan matsi ya ninka, iska takan tsuke ta koma rabin girmanta; idan matsin ya ragu kuma sai ta kumbura.

Kunne ne yake fara kai ƙara. Duk yaron da ya taɓa nutsawa gindin tafki ya san zafin nan da ke soke kunne tun a mita biyu ko uku. Ruwa ne yake danna fatar dodon kunne daga waje, iskar da ke bayanta kuma ta tsuke. Ana koya wa ɗalibi ya toshe hanci da yatsu ya hura a hankali, iska ta bi 'yar hanyar da ta haɗa maƙogwaro da kunne ta daidaita matsin, kuma ya yi haka tun zafin bai zo ba. Mai mura ba ya nutso, domin hanyar a toshe take. Wanda ya yi taurin kai ya ci gaba, fatar kunnensa na iya fashewa.

Sai dokar da malamai suke maimaitawa har ɗalibi ya haddace: kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda ya cika huhunsa daga tulu a mita 10, ya tsorata ya rufe baki ya yi sama, iskar da ke ƙirjinsa za ta ninka girma kafin ya iso, huhu ya yage, kumfa ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Wannan yana iya faruwa ko a ruwan da bai fi mita biyu ba. Mai nutso da numfashinsa kawai bai da wannan matsalar, tunda iskar da ya sauka da ita a sama ya shaƙe ta. Nasa haɗarin daban ne, kuma shi ne na yaranmu. Idan samari suna gasar wa zai fi daɗewa a ƙasa, sukan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa. Yin haka yana fitar da iskar kabon dayoksaid daga jini, alhali ita ce take gaya wa jiki lokacin numfashi ya yi. Sai oksijin ya ƙare jiki bai yi gargaɗi ba, yaro ya suma a ƙasa shiru, abokansa a baki suna ƙirga masa suna yaba shi. Gwanayen iyo ma suna mutuwa ta wannan hanya. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, kuma ko malamin nutso da bai san Hausa ba, zai amince da maganar.

Mutane da yawa suna zaton oksijin ne zalla a cikin tulun. Iska ce irin wadda muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin, kashi 78 naitirojin, an tace ta an matse ta. Oksijin zalla guba ne idan aka wuce mita 6 da shi. Tulu mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 yana ɗauke da lita 2,400 na iska. Mutumin da yake shan lita 20 a minti a doron ƙasa zai sha 40 a mita 10, ya sha 80 a mita 30. Don haka ɗalibi yake koyon duban agogon tulunsa a kai a kai, ya juyo tun yana da sauran bar 50.

Naitirojin ɗin nan da ba ya yi mana komai a sama shi ne babban abin tsoro a ƙasa. Matsi yana tura shi ya narke cikin jini da kitse. Wajen mita 30 yakan sa maye, mutum ya rasa lissafi. Idan kuma aka hau da gaggawa sai ya yi abin da kwalbar lemo take yi idan an ɓalle murfinta: kumfa ta taso a cikin jini da gaɓoɓi, ta kawo ciwon gwiwa da kafaɗa, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Masanin Faransa Paul Bert ya gano sanadin a 1878, sannan John Scott Haldane na Birtaniya ya fitar da jadawalin hawa daki-daki a 1908. Har yau a kan wannan ake: a mita 18 ba a kai awa ɗaya, a mita 30 kimanin minti 20, a hau a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma kada a shiga jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 zuwa 18.

Labarin Harrison Okene ya nuna girman abin. Kuku ne ɗan Najeriya a jirgin ruwa Jascon-4, wanda ya kife a gaɓar Neja Delta ranar 26 ga Mayu 2013 ya zauna a zurfin kusan mita 30. Abokan aikinsa sun rasu, shi kuwa Allah ya sa ya sami wani lungu da iska ta maƙale, ya yi kimanin awa 60 a cikin duhu har masu nutso suka tarar da shi. Da sun fito da shi kai tsaye da ya mutu a hannunsu, domin jininsa ya ƙoshi da naitirojin. Sai da ya yi fiye da kwana biyu a ɗakin ƙarfe ana rage masa matsi sannu a hankali. A 2015 shi ma ya koyi nutso ya mai da shi sana'a.

To, ina rijiya ta shigo? Mai yasar rijiya ba ya fama da matsi, domin iska ce a kansa har ya isa ruwa. Matsalarsa irin iskar da zai tarar. Kabon dayoksaid ta fi iska nauyi, takan taru a gindin rijiyar da aka daɗe ba a ja ba, ko wadda ganye da mushe suka ruɓe a ciki. Idan oksijin ya sauko ƙasa da kashi 19.5 wurin ya zama haɗari, idan ya kai wajen kashi 10 mutum yana faɗuwa ba tare da ya iya kiran kowa ba. Tsofaffin maginan rijiya sun san wannan, shi ya sa suke zura fitila kafin mutum ya sauka, in ta mutu a fasa. Dabara ce mai kyau, kada a bar ta, amma ba ta isa ba. Harshen wuta yana mutuwa ne sai oksijin ya sauko wajen kashi 16, kuma bai san komai ba game da hayaƙin inji.

A nan ne darasin masu nutso ya fi shafar mu. Mai cika tulu ana koya masa ya nisanta bakin shan iskar injinsa daga salansa, domin kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau 200 da ɗoriya. Kaɗan daga cikinta a tulu ya isa ya kashe. Mu kuwa yanzu injin jan ruwa mai fetur ya yi araha, kuma akwai masu zura shi cikin rijiya don su kwashe ruwa kafin yasa, su bar shi yana aiki, sannan mutum ya bi bayansa. Wannan kisan kai ne, ko da ba a yi niyya ba. Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ke biyo baya: na farko ya yi shiru, ƙanensa ya sauka, shi ma ya yi shiru, sai na uku. Wanda yake sauraron labarai daga Kano ya saba jin 'yan kwana-kwana suna sanar da gawa biyu ko uku daga rijiya ɗaya. Ƙauna ce take tura mutum, ba na zargin kowa, sai dai ɗalibin nutso ana gaya masa mai ceto ba ya shiga sai da iskarsa da igiyarsa da wanda zai jawo shi.

Sauran tarbiyyar tasu mai sauƙin ɗauka ce. Ba a nutso mutum ɗaya. Kowa yana duba kayan abokinsa kafin a shiga. Ana yarda da alamomin hannu tun a tudu: babban yatsa sama yana nufin mu hau, hannu a maƙogwaro yana nufin iskata ta ƙare. Kuma kowa yana da ikon cewa a fasa ba tare da an yi masa gori ba. Wannan ta ƙarshe ce ta fi wuya a wurinmu, domin saurayin da ya ce jiri yake ji a fito da shi yana tsoron a kira shi rago.

Ba baƙi ba ne mu a harkar ruwa. Sarkawan Kabi suna gasar nutso a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Hausawan da suke zaune a Jidda da Fot Sudan suna bakin Bahar Maliya, ɗaya daga cikin wuraren da aka fi zuwa nutso a duniya. Ɗan Falanko da karatu ko nema ya kai shi can, ko Masar, ko Dakar, in ya sami hali ya shiga makarantar nutso mai takardar shaida, kada ya yarda da wanda zai ɗaura masa tulu a bakin teku ya ce bi ni. Kuɗin ya fi ƙarfin talaka, kuma ruwan tafkunanmu ja ne, ba abin kallo a ciki, don haka ba na tsammanin wasan zai zo Damargu.

Ilimin ne ya kamata ya zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a 2021, yara da matasa ne kaso mai yawa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don yaƙi da wannan, ranar da take faɗowa tsakiyar daminarmu. Ina roƙon magadan gari na Falanko da Tanut da Belbeji, da sarakuna da limamai da malaman lakwal, su yi amfani da ranar. A tanadi na'urar auna iska ta hannu, da fanka mai tura iska cikin rami, da ɗamarar igiya, a ajiye inda masu yasar rijiya za su ara. A nemi 'yan kwana-kwana na Damagaram su koya wa matasa kaɗan a kowace ƙaramar hukuma yadda ake ceto da yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Iyaye kuma su hana gasar riƙe numfashi a tafki, kuma kada wani ya sake kunna inji a cikin rijiyar da mutum zai sauka.