Mahatma: Sunan Yanka ne ko Laƙabi?

Tun ranar 21 ga Janairun 2020 da shugaban ƙasa na wancan lokaci Mahamadou Issoufou da ministan harkokin wajen Indiya, Subrahmanyam Jaishankar, suka buɗe zauren taron ƙasa da ƙasa na Mahatma Gandhi a Yamai, wanda Indiya ta gina kyauta, sunan ya zauna a bakin direbobin taksi da ƴan fada a Bukoki. Da sunan kuma maganganu suka biyo: wasu sun ɗauka Mahatma sunan yankan mutumin ne, wasu na cewa daraja ce irin ta annabi ko ta abin bauta a addinin Hindu, har ma ana raɗa cewa ginin bai rasa alaƙa da tsafi ba.

Magana ta farko tana da sauƙin warwarewa. Sunansa Mohandas Karamchand Gandhi, an haife shi a Porbandar a 1869. Mahatma kalma ce ta harshen Sanskrit, haɗin "maha", babba, da "atman", rai ko ruhi, wato mai babban ruhi. Ba kuma don shi aka ƙirƙiro ta ba. Tana cikin tsoffin littattafan addinin Hindu irin su Bhagavad Gita, kuma a 1888 jama'a a Bombay suka laƙaba wa Jyotirao Phule ita, mutumin da ya yi yaƙi da wariyar asali, shekaru 27 kafin Gandhi ya dawo gida daga Afirka ta Kudu a 1915.

Magana ta biyu ce ke da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi yaɗuwa. Tabbas kalmar daga addini ta fito, ana kiran masu zuhudu da ilimi da ita. Gaskiya ne kuma a 1921 manoman yankin Gorakhpur sun riƙa ba da labarin karamomin Gandhi. To amma laƙabin ba muƙami ba ne: babu majalisar da ke naɗa Mahatma, babu rawani, babu gado. Jama'a ke kiran mutum da shi in sun yaba da halinsa, kusan kamar yadda ake ce wa malami Shehu ba tare da an ba shi takarda ba. Gandhi lauya ne da ya yi karatu a Landan, daga zuriyar ƴan kasuwa, ba limamin wurin bauta ba, kuma a tarihin rayuwarsa da ya rubuta ya nuna laƙabin ya sha ƙona masa rai. Zauren Yamai kuwa wurin taro ne kawai, na shugabanni da ƙungiyoyi.

Mai musu zai ce ai tun da miliyoyi sun amince, ya zama tsarki. Ba haka ba ne, don ko a Indiya ba kowa ya amince ba. B. R. Ambedkar, jagoran rubuta tsarin mulkin ƙasar, ya faɗa wa BBC a 1955 cewa shi bai yarda ya kira Gandhi Mahatma ba. A nan Afirka ta Yamma ma, Jami'ar Ghana ta cire mutum-mutuminsa a Disambar 2018, bayan malamanta sun yi ƙorafi kan munanan kalaman da ya rubuta game da baƙar fata lokacin zamansa a Afirka ta Kudu. A ganina wannan ne ya cancanci a tafka muhawara a kansa a fada, domin shi yana da hujja a rubuce, ba kamar zancen tsafi ba.